Tsutsar Morris: yadda gwajin wani ɗalibi ya durƙusar da intanet a 1988

Da yammacin Laraba, 2 ga Nuwamba 1988, Robert Tappan Morris yana zaune a jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York, ya shiga wata kwamfuta ta jami'ar MIT daga nesa, ya saki wata manhaja da ya fara rubutawa tun watan Oktoba. Bai fi wata uku da fara karatun digiri na uku a fannin kimiyyar kwamfuta ba, saura kwana shida ya cika shekara 23. Ya bi ta MIT ne don kada a gane daga Cornell abin ya fito. Kafin gari ya waye, kwamfutoci a jami'o'i, da cibiyoyin bincike, da wasu ma'aikatun soja na Amurka sun yi nauyin da ba sa iya amsa umarni ko ɗaya.

Manhajar ba ta goge fayil ko guda ba, ba ta saci bayani ba, ba a rubuta mata umarnin lalata komai ba. Duk ɓarnar da ta yi ta fito ne daga yawan kwafin kanta da ta riƙa tarawa a kan kwamfuta ɗaya. Wannan ne ya sa har yau ake koyar da lamarin a ajujuwan tsaron kwamfuta: ramukan da ta bi an san yawancinsu tun kafin ranar, amma abin da ya mai da gwaji annoba shi ne shawara guda ɗaya da marubucin ya yanke game da lokacin da manhajar za ta tsaya.

Morris ba sabon shiga ba ne. Mahaifinsa, shi ma Robert Morris, ya yi shekaru a cibiyar bincike ta Bell Labs, kuma shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka wallafa bayanin yadda Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke adana kalmar sirri a 1979. A lokacin da abin ya faru, uban shi ne babban masanin kimiyya a cibiyar tsaron kwamfuta ta NSA, hukumar tsaron ƙasa ta Amurka. Ɗan ya taso ne da Unix kamar yadda ɗan makanike ke tasowa a gareji. A 1985, yana ɗalibin digirin farko a Harvard, ya rubuta wa Bell Labs rahoto kan wani rauni a tsarin sadarwar intanet (TCP/IP) na 4.2BSD, wani bugun Unix, inda ya nuna yadda za a iya hasashen lambobin da kwamfutoci ke musaya yayin buɗe haɗi, har mutum ya yi shigar burtu a matsayin wata kwamfutar da aka amince da ita. Neman ramuka a Unix abin sha'awarsa ne tun kafin ya zama fagen karatunsa.

Intanet ɗin wancan zamani kuwa ƙaramin gari ne. Kwamfutoci wajen 60,000 ne a haɗe, akasarinsu na masu bincike da suka san juna, kuma an gina komai bisa amana. Galibin wurare ba su da katangar tace abin da ke shigowa daga waje. Kwamfuta tana sauraron duk wanda ya ƙwanƙwasa.

Ana kiran irin wannan manhaja tsutsa ne saboda ba ta buƙatar liƙewa jikin wata manhaja, kuma ba ta jiran mutum ya buɗe ta. Da kanta take neman maƙwabta, ta shiga, ta kunna kanta. Wannan tsutsar na iya rayuwa a kan inji iri biyu kawai: VAX na kamfanin DEC mai ɗauke da Unix na jami'ar California da ke Berkeley, da Sun-3 mai ɗauke da SunOS. Idan ta sauka a kwamfuta, sai ta tara sunayen waɗanda za ta kai wa hari. Tana karanta teburin hanyoyi da umarnin netstat don ta gano kwamfutocin da ke bakin mashigar wasu cibiyoyi, ta duba /etc/hosts.equiv da /.rhosts, sannan ta leƙa fayilolin .forward da .rhosts na masu amfani da injin, duk fayilolin da ke ɗauke da sunayen wasu kwamfutoci. Daga nan sai ta fara gwada ƙofofi.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ta amana. Umarnin rsh yana ba mutum damar gudanar da aiki a wata kwamfuta ba tare da kalmar sirri ba, muddin sunan kwamfutarsa na cikin jerin amintattu a can. A sashen jami'a mai injuna ashirin da suka amince da juna, shiga ɗaya shiga duka ne. Tsutsar ta ɗauka cewa amana tana tafiya ta fuska biyu: idan wannan injin ya amince da wancan, to wataƙila wancan ma ya amince da wannan. Sau da yawa hasashen ya yi daidai.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi jan hankalin masana, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Akwai ƙaramar manhaja mai suna fingerd da ke sauraron saƙon da ke shigowa daga waje a ƙofar sadarwa mai lamba 79. Aikinta kawai ta karɓi sunan mutum, ta faɗi ko yana kan kwamfuta da lokacin da ya shiga na ƙarshe. Marubucinta ya ware gurbi mai cin bait 512, wato harafi 512, don layin da za a turo, ya kuma karanta layin da gets(), wani umarni na C, harshen rubuta manhaja, da ba shi da hanyar sanin girman gurbin da yake zubawa a ciki. Yana zubawa ne har sai ya ga ƙarshen layi. Sunan mutum ba ya kai bait 512, don haka shekaru ba wanda ya damu. Tsutsar ta tura bait 536. Rarar 24 ɗin ta malala ta wuce gurbin, ta hau kan abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwar injin, ciki har da adireshin da manhajar ke komawa idan ta gama aikin da take yi. An canja adireshin ya nuna cikin saƙon da aka turo, inda aka riga aka jera 'yan umarnin harshen inji na VAX masu cewa a kunna /bin/sh, manhajar da ke karɓar umarni a Unix. Maimakon fingerd ta amsa tambaya, sai ta rikiɗe ta zama wurin karɓar umarni, kuma igiyar haɗin da tsutsar ke riƙe da ita ce bakin da take saurara. A kan VAX kaɗai wannan dabara ta yi aiki. A kan Sun manhajar faɗuwa kawai take yi, saboda umarnin da aka cusa ba na harshen injinsa ba ne.

Ta uku ita ce sendmail, manhajar da ke kai da kawo imel ta ƙofa mai lamba 25. Tana da wani umarni, DEBUG, da aka tanada don gwaji, wanda idan an kunna shi za a iya sa umarni a gurbin adireshin mai karɓar saƙo. An rarraba sendmail a wurare da yawa da wannan damar a buɗe. Tsutsar takan ce DEBUG, ta ba da /dev/null, wato ba kowa, a matsayin mai aikawa, a wurin mai karɓa kuma ta rubuta umarnin da zai yanke kan wasiƙar da manhajar gyara rubutu ta sed ya miƙa sauran ga /bin/sh. Jikin wasiƙar kuwa umarni ne zalla. Wannan ba ma kuskuren rubutu ba ne. Ƙofar baya ce da aka manta ba a kulle ba.

Ta huɗu ita ce kalmar sirri. A Unix na lokacin, fayil ɗin /etc/passwd kowa na iya karanta shi, kuma a ciki ake ajiye kalmomin sirri bayan an murɗa su da lissafin ɓoye bayani na DES sau 25, tare da ƙarin haruffa biyu da ke sa kalma ɗaya ta iya fita ta siga 4,096 daban-daban. Ba a iya warware murɗin a koma baya, amma ana iya ɗaukar kalmar da ake zato, a murɗa ta, a kwatanta. Tunda a gefe ake wannan gwajin, ba a ƙofar shiga ba, babu rajistar da za ta nuna wani yana ta gwada sa'a. Tsutsar na farawa da masu arha: babu kalmar sirri sam, sunan asusun, sunan asusun sau biyu a jere, laƙabi, sunan mahaifi, sunan mahaifi a juye. Idan ba ta dace ba sai ta koma kan jerin kalmomi 432 da take ɗauke da su, daga nan ta buɗe ƙamus ɗin injin da ke /usr/dict/words. Morris ya rubuta nasa lissafin murɗin da ya fi na Unix sauri. Da zarar ta fasa asusu, sai ta gwada kalmar a sauran kwamfutocin da mai asusun ke hulɗa da su ta hanyar rexec, umarnin gudanar da aiki daga nesa mai neman kalmar sirri, don mutane tun wancan lokaci kalma ɗaya suke yawo da ita ko'ina.

Ko ta wace ƙofa ta shiga, abin da ke biyo baya ɗaya ne. Ba gangar jikinta take fara turawa ba. Takan aika ɗan gajeren rubutu na harshen C mai layi 99, ta sa injin da aka kama ya harhaɗa shi da cc nasa, manhajar da ke mai da rubutun C harshen inji, a cikin jakar /usr/tmp, ya kunna. Wannan ɗan ƙugiya sai ya kira injin da ya turo shi, ya gabatar da wata lamba da aka ba shi a matsayin shaida, ya jawo manyan fayiloli biyu, na VAX da na Sun. A gwada ɗaya, idan bai tashi ba a gwada ɗayan. Hikimar a nan ita ce rubutun C yana harhaɗuwa a kowane irin inji, don haka ba sai tsutsar ta san wa take magana da shi tun farko ba.

Ta kuma san ɓuya. Takan canja sunanta zuwa sh don ta saje da ayyukan yau da kullum, ta ɗora fayilolinta a ƙwaƙwalwa ta goge su daga faifai, ta hana injin ajiye hoton ƙwaƙwalwarta idan ta faɗi, ta kuma riƙa haifar sabon kwafi tana kashe tsohon don lambar aikinta ta riƙa canjawa, kada a ga aiki ɗaya ya daɗe yana cin lokaci. Kalmomin da ke jikinta ma a lulluɓe suke da wani sauƙaƙƙen lissafi. Waɗannan matakan ɓuya sun yi wa Morris illa daga baya, domin da wuya mutum ya ce bai san ana ƙin abu ba alhali ya tsara yadda zai ɓoye shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Morris ya san cewa idan tsutsa ta riƙa shiga injin da ta riga ta kama, za a tara kwafi har a lura. Don haka ya sa kowace sabuwar shigowa ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 23357 a cikin injin, inda tsohuwar tsutsa ke sauraro idan akwai ta. Idan aka amsa, su biyun su yi musayar lambobi, su yi ƙuri'a, wadda ta faɗi ta janye. Sai ya yi tunanin cewa mai kula da kwamfuta mai wayo zai iya rubuta 'yar manhaja ta zauna a ƙofar tana amsa cewa akwai tsutsa a nan, ta zama rigakafi. Don ya toshe wannan, ya sa sau ɗaya cikin bakwai sabuwar tsutsa ta ƙi tambayar gaba ɗaya, ta zauna, ba mai tayar da ita.

Ɗaya cikin bakwai ƙaramin abu ne a ido. A yi lissafinsa. Idan aka kai wa inji hari mai nasara sau goma, yiwuwar a samu aƙalla tsutsa guda marar mutuwa ya kai kashi 79 cikin ɗari. Idan sau ashirin ne, ya kai kashi 95. Inji da ke tsakiyar sashe mai maƙwabta da yawa kuwa yana samun hari ashirin cikin ɗan lokaci, domin duk maƙwabcin da ya kamu yana dawowa kansa, kuma duk kwafin da ya zauna shi ma sabon maharbi ne. Adadin masu kai hari yana ƙaruwa da adadin waɗanda aka kama, wanda kuma ke ƙara adadin masu kai harin.

Sauran shida cikin bakwan ma ba su yi aiki yadda aka tsara ba. Tsutsar da ta faɗi ƙuri'a ba nan take take fita ba. Tana ɗaga wata alama mai suna pleasequit, amma sai ta tara sunayen injuna, ta kai hare-hare, ta gwada aƙalla kalmomi goma daga jerinta kafin ta duba alamar. Idan tsutsotsi da yawa suka shigo lokaci guda, guda ɗaya ce ke samun ƙofar sauraro, sauran su ci gaba ba tare da an ƙirga su ba. Mafi muni, idan injin ya yi nauyi, tsohuwar tsutsa ba ta amsawa cikin lokacin da aka ɗiba, sai sabuwar ta ɗauka ba kowa. Ke nan birkin yana lalacewa ne daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ga shi kuma kowace awa 12 tsutsar na share jerin injunan da ta riga ta kama, ta sake bin su.

Rajistar jami'ar Utah ta nuna yadda abin yake a kusa. Da ƙarfe 8:49 na dare tsutsar ta shiga babban VAX na sashen kimiyyar kwamfuta. Ma'aunin nauyin aiki, wato matsakaicin adadin ayyukan da ke layi suna jiran injin, ya kai 5 da ƙarfe 9:21, ya kai 16 da ƙarfe 10:01. Minti biyar bayan haka teburin ayyuka ya cika, ba a iya fara sabon aiki. Mai kula da injin ya karkashe tsutsotsin da ƙarfe 10:20. Kafin 10:41 sun dawo, nauyi ya kai 27. Ya kashe injin ya kunna, wanda ke share tsutsar tunda a ƙwaƙwalwa kawai take zaune. Da ƙarfe 11:21 nauyi ya kai 37. Share inji ɗaya ba ya amfani matuƙar maƙwabta na ɗauke da ita kuma ƙofofin na buɗe.

Da Morris ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya tuntuɓi abokansa a Harvard. Ɗaya daga cikinsu ya aika saƙo ba suna da misalin ƙarfe uku da rabi na dare, yana ba da haƙuri tare da faɗin magani: a dakatar da fingerd ko a gyara ta, a sake harhaɗa sendmail ba tare da DEBUG ba, a rufe rexecd, manhajar da ke amsa rexec. Maganin daidai ne, amma saƙon ya maƙale a hanya kusan kwana biyu, saboda hanyoyin imel sun cushe, wasu kuma an rufe su da gangan don gudun tsutsar. Manhajar ba ta da wani umarnin da marubucinta zai aika ya ce ta tsaya. Abin da kawai aka samu mai kama da rahoto shi ne yunƙurin aika bait ɗaya zuwa wani inji a Berkeley mai suna ernie, shi ma kuskuren rubutu ya hana shi fita.

Waɗanda suka kashe wutar su ne ma'aikata da ɗalibai a Berkeley, MIT, Purdue da wasu wurare, waɗanda suka kwana suna kama kwafin tsutsar suna mai da harshen inji zuwa C layi-layi. Kafin asubahin Alhamis Keith Bostic na Berkeley ya fitar da gyaran sendmail, na fingerd ya biyo baya. Kafin gyare-gyaren su isa ko'ina, mutane sun yi amfani da dabarun wucin gadi. Wasu sun canja wa cc suna, don ɗan ƙugiyar ya rasa abin da zai harhaɗa shi. A Purdue aka gano cewa idan aka buɗe jakar fayil mai suna sh a cikin /usr/tmp, tsutsar ba ta iya ƙirƙirar fayil ɗinta mai wannan sunan, sai ta tsaya nan. Cibiyoyin da suka tsinke haɗinsu da intanet sun tsira daga sabon hari, amma sun kuma yanke kansu daga gyaran, don ta intanet ɗin ake rarraba shi. Da yawa sun gano a daren cewa ba su da lambar wayar takwarorinsu na wasu jami'o'i. Adireshin imel kawai suka sani.

Adadin da aka fi ambata shi ne kwamfutoci 6,000, kashi goma cikin ɗari na intanet. Ƙiyasi ne da aka yi a tsaye, ba ƙidaya ba, kuma akwai masanan da ke ganin adadin bai kai haka ba. Na kuɗi ma haka: ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ce asarar na tsakanin dala 100,000 da dala miliyan 10, tazarar da ita kanta ke nuna ba a auna ba. Abin da ya fi tabbata shi ne wanda ya shiga takardun kotu, cewa kuɗin gyara a wurare daban-daban ya kama daga dala 200 zuwa sama da dala 53,000, galibi ladan awannin ma'aikata.

Ranar 5 ga Nuwamba jaridar New York Times ta bayyana sunan Morris. Cikin watan ne DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ta ɗauki nauyin kafa CERT, cibiyar kai ɗaukin gaggawa kan tsaron kwamfuta, a jami'ar Carnegie Mellon, don a samu wuri ɗaya da za a kira idan irin haka ta sake faruwa. Kwamitin da Cornell ta kafa ya fitar da rahoto a Fabrairun 1989. Bai yarda cewa aikin gwaninta ne na musamman ba. Ya ce ɗalibai da yawa za su iya rubuta irinsa, ya kira shi aikin yarinta da bai duba abin da zai biyo baya ba, ya kuma nuna cewa ana iya gwada manhajar a keɓaɓɓiyar cibiya da ba ta haɗe da waje. Wannan batu na ƙarshe shi ne mai nauyi. Injuna biyar ko shida a ɗaki ɗaya, an cire igiyar da ke fita waje, sun isa su nuna cikin awa guda cewa kwafi na taruwa kuma ƙuri'ar ba ta aiki idan inji ya yi nauyi. Jami'ar ta dakatar da shi.

An gurfanar da shi a Yulin 1989 a ƙarƙashin dokar zamba da cin zarafin kwamfuta ta 1986. Masu taimaka wa alƙali a Syracuse sun same shi da laifi a Janairun 1990, ya zama mutum na farko da irin wannan shari'a ta kama a ƙarƙashin dokar. A watan Mayu aka yanke masa shekara uku ƙarƙashin sa ido ba tare da ɗauri ba, da awa 400 na aikin al'umma, da tarar dala 10,050. A ɗaukaka ƙara lauyoyinsa sun kafa hujja biyu: bai yi niyyar ɓarna ba, kuma yana da izinin amfani da intanet tunda yana da asusu a Cornell da Harvard. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da duka biyun a Maris 1991. Ta ce niyyar da doka ke nema ita ce ta shiga ba izini, ba ta yin ɓarna ba. Kuma izinin aika imel ko tambayar fingerd bai haɗa da amfani da su ta hanyar da ba don ita aka yi su ba. Mai bincike a yau yakan nemi izini a rubuce, mai fayyace injunan da aka yarda ya taɓa, kafin ya gwada tsarin da ba nasa ba.

Morris ya koma karatu, ya kammala digiri na uku a Harvard a 1999, ya zama malami a MIT, jami'ar da ya saki tsutsar ta cikinta, inda ya yi bincike kan hanyoyin sadarwa da tsarin kwamfutoci masu aiki tare. Shi da abokinsa Paul Graham sun kafa kamfanin Viaweb a 1995, Yahoo ya saya a 1998, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, mai zuba jari a sababbin kamfanoni, a 2005.

Ramukan kuwa ba lokaci guda aka cike su ba. An raba kalmomin sirri da /etc/passwd, aka mai da su fayil ɗin da babban mai kula da inji kaɗai ke iya karantawa. SSH, tsarin shiga kwamfuta daga nesa mai ɓoye bayanan da ake musaya, wanda ya fito a 1995, ya maye gurbin rsh da rexec a hankali. Malalar gurbi irin ta fingerd ce tsutsar Code Red ta bi a 2001, da Slammer a 2003. Shi kansa gets() ya ci gaba da zama a cikin ƙa'idar harshen C har sai da aka cire shi a bugun 2011, shekara 23 bayan daren.